Dan Allah me ake ce wa wanda ya iya fitar da magana tas, kuma ya zan yi na gyara lafazina?

Ɗan Agege

Salamu alaikum jama'a. Masana Hausa ku taimaka min dan Allah, abin nan ya tsaya min a rai tun ranar Talata. Ni dai a Legas aka haife ni, a Agege na tashi, babana Bakatsine ne amma zuwanmu gida sai sallah-sallah, a cikin gida Hausa muke yi, kana leƙa ƙofa kuma sai Yarbanci da buroka. Bara na dawo Arewa da zama, to akwai wani gidan rediyo da suka ce suna neman masu gabatar da shiri, na je gwaji. Aka miƙo min takardar labarai aka ce na karanta a situdiyo, ina karantawa ina hango furodusan ta cikin gilashi yana ta murmushi, ni a zatona burge shi nake yi. Da na fito sai ya ce min wai samari waye shugaban kasa, kasa tumatir ko kasa albasa? Ashe duk inda ƙasa ta fito kasa nake cewa. Kuma kun ga a rubuce ba na yar da ƙugiya, a baki ne take zame min, musamman in na ɗau sauri.

Wannan ma da sauƙi. Daga baya ya karɓe takardar ya ce na yi masa magana ta minti biyu a kan tsadar taki, wallahi na san abin da nake so na ce, yana nan cikin kaina cur, amma da na buɗe baki sai na kama nan na saki na kama can, ka gane ai, ka gane ai, har ni kaina na ji kunyar kaina. Abin da ya ce min a ƙarshe shi ne muryarka tana da daɗi amma lafazinka da saura, kuma ba ka fayyace magana, ka dawo bayan wata biyu.

To tambayata, shin lafazi da furuci abu ɗaya ne? Sannan ina jin ana cewa wane fasihi ne, wane yana da zalaƙa, wane akwai balaga, ni duk ɗaya nake ɗaukarsu. Wanne ne ainihin sunan abin da na rasa, tunda mutum ba ya neman maganin ciwon da bai san sunansa ba. Na gode.

Tsohon Ticha

Wa alaikumus salam ɗana. Furodusan nan bai zalunce ka ba, ciwo biyu ya nuna maka, kai ne ka haɗa su a ƙwarya ɗaya. Ɗaya a baki yake, ɗaya a kai.

Na baki tukuna. Furuci daga furta yake, wato yadda ake fitar da sauti, shi ya sa darasin da muke koyarwa a kan harshe da leɓe da hanƙa da maƙogwaro ake ce masa ilimin furuci. Lafazi kuwa aro ne daga Larabci, a maganar yau da kullum sun kusa zama Ɗanjuma da Ɗanjummai, sai dai in aka ce lafazin mutum yana da daɗi an fi nufin yadda maganarsa gaba ɗaya take faɗawa a kunne. Kuma dukansu biyun suna da wata ma'anar, in an ce wane ya yi mugun furuci ko ka iya lafazinka, ba maganar ƙ da k ake ba, abin da bakin ya faɗa ake nufi.

Hausa tana da tarko uku ga wanda ya tashi a waje. Na farko shi ne wanda ka faɗa ciki, baƙaƙe masu ƙugiya: kafa da ƙafa, bata da ɓata, daka da ɗaka. Na biyu tsayin wasali, garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo rubutu ɗaya ne, jan wasalin farko ne kawai ya raba su. Na uku karin sauti, hawa da saukar murya. Wuyan da ake rataya wa sarƙa daga sama yake farawa ya sauko, wuyar da ake sha daga ƙasa take farawa ta hau. Kukan yaro da kukar miya ma karin sauti ne ya raba su. Ɗauki baki ma ka gani, bakin da ake cin abinci, baƙin launi, da baƙin da suka zo daga tafiya, in ka kuskure ɗaya sai ka sa gwamna ya tarbi abin da bai tarba ba. Rubutun boko ba ya nuna tsayin wasali ko karin sauti, saboda haka takarda ba za ta cece ka ba, kunne ne zai cece ka. Ƙamusun Bargery na 1934 ya sa alamomin, haka na Jami'ar Bayero na 2006, in ka samu ɗaya ka riƙa dubawa.

Na kai kuma, shi ne fayyacewa. Bahaushe yana da kalmomi a nan kamar ƙasa: ya yi bayani dalla-dalla, ya kawo shi filla-filla, ya faɗa ɓaro-ɓaro, ya warware zare da abawa, ya yi fashin baƙi, ya feɗe biri har wutsiya. Abin da ka yi a situdiyo sunansa kame-kame. Yana da 'yan uwa, inda-inda ta mai ɓoye wani abu ce, kwan-gaba-kwan-baya ta wanda bai tsai da ra'ayi ba, soki-burutsu na wanda maganarsa ba kai ba gindi, shaci-faɗi na wanda bai san abin ba sam amma ya ƙi yin shiru. Kar ka haɗa waɗannan da in'ina ko tsamin baki, su halitta ce, ba a yi wa mutum gori a kansu.

Zalaƙa ita ce magana ta riƙa zubowa ba gargada, azanci kuma shi ne gishirin da ke cikinta, mutum ya faɗi abu kaɗan ka kwana kana juya shi. Na koyar da yara masu zalaƙa ba azanci, a muhawarar makaranta sai su cika aji da amo, ka tambaye su me suka ce su ma ba su sani ba. Wani abu kuma da nake yawan ja wa ɗalibai kunne, iya magana daban iya baki daban. In aka ce maka ka iya bakinka, ba yabo ba ne, kashedi ne. Daɗin baki da romon baka kuwa kar ka yi murna in an jingina maka su, mayaudari ake nufi.

Gardin Alaramma

Allah ya saka wa Malam da alheri, ya gama magana, sai dai ya bar mana fasaha da balaga, to bari almajiri ya ɗan sa baki tunda wannan gonarmu ce.

Su biyun daga Larabci suka zo kuma a wurin malaman fannin ba ɗaya ba ne. Fasaha ita ce tsabtar maganar kanta, kalmar ba ta yi wa harshe nauyi ba, ba baƙuwa ba ce da sai an buɗe ƙamus, ba ta saɓa ƙa'ida ba. Mai ita shi ne fasihi. Balaga kuwa ita ce maganar ta dace da halin da ake ciki da wanda ake yi wa ita, bayan kuma ta kasance da fasaha. Shi ya sa suke cewa duk mai balaga fasihi ne amma ba duk fasihi ne mai balaga ba. Ka je gidan makoki ka zuba Hausa tsantsa mai daɗi wadda ta dace da ranar suna, to fasaha ka yi amma balaga ta tsere maka. Fannin ma rassa uku gare shi, ma'ani da bayani da badi'i. Mu kuma da muka aro sai muka karkatar da su, fasaha ta koma ta injiniyoyi, kimiyya da fasaha, balaga kuma ka ce wa wani yaron nan akwai balaga sai ya ɗauka maganar gemu da murya kake, a fara neman masa mata hhh.

Maganar gyaran baki kuma, ɗan uwa kar ka ji komai, mu abin da muke fama da shi ke nan kullum. A tajwidi ana ce wa wurin fitar harafi makhraji, Ibnul Jazari ya lissafa su 17, kuma kuskuren karatu ana ce masa lahani, akwai bayyananne wanda kowa zai ji har ya iya canja ma'ana, akwai ɓoyayye wanda sai gwanaye. Naka na kasa da ƙasa bayyananne ne, shi ake fara kashewa. Kuma ba a koyon makhraji a littafi, baki da baki ake karɓarsa, ka zauna gaban wanda ya iya ya faɗa ka faɗa ya ce sake, ka sake har ya yi shiru. Ni harafin ض na Larabci da muke ce wa lodi a allo sai da na yi wata da watanni a kansa da na shiga Islamiyya, don a tsangaya kamar lam muke fitar da shi. Kakanninmu ma haka suka ji shi, duba alƙali, alwala, farilla, larura, layya, duk a Larabci wannan harafin ne a ciki, bakin Bahaushe ya mai da shi l kuma ya zauna daram har ya zama Hausa. Wato mu ma a wurin Balarabe 'yan Agege ne.

Ka riƙe addu'ar Annabi Musa alaihis salam da ke cikin Suratu Ɗaha, inda ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshensa don su fahimci maganarsa. Ka lura da dalilin da ya bayar, don a fahimta, bai ce don a yaba ba. A Suratul Ƙasas aya ta 34 kuma da kansa ya ce ɗan uwansa Haruna ya fi shi fasahar harshe, amma duk da haka aka aika shi wurin Fir'auna, Haruna yana taimaka masa.

Ɗiyar Maraɗi

Ni dai ina da ƙorahi kaɗan, Baba Ticha a yi mini haƙuri. Duk lokacin da anka tashi maganar lafazi mai kyau sai in ga an maishe shi Hausar Kano, wanda duk bai yi irin tasu ba sai a ce bakinshi bai hwaɗa ba. Lokacin da na tahi karatu Kano, rana ta farko a makaranta na ce ma wata mai talla ta ba ni hura, 'yan ɗakinmu sunka yi ta dariya har da riƙe ciki, wai fura a ka cewa. Na ce to ku da kuke cewa guri a madadin wuri wa ya yi muku dariya? Wani Bakanon ma in ya ce fanka kamar panka za ka ji. Sai sunka yi tsit.

Karin harshe ba ciwo ba ne. Sakkwatanci, Katsinanci, Gobiranci, Adaranci, Damagaranci, Arewancin mutanen Dogon Dutsi, Zazzaganci, Bausanci, kowane Hausa ne cikakke da ƙa'idarshi. Mu muna cewa ɗiya ku ce 'ya, mu ce munka ku ce muka, ko a rubutu ma mu nan Nijar ƴ muke sawa inda kuke sa 'y. Daidaitacciyar Hausa an gina ta bisa Kananci don a samu abin rubutu da koyarwa guda, na yarda, kuma tana da amfani, amma ba ita ta haihi sauran ba. Tun 2025 Hausa ita ce harshen ƙasa nan Nijar, to da wane baki za a yi ta in ba namu ba?

Kai kuma ƙanena wanga abu naka daban ne, ka gyara shi, don kasa da ƙasa ma'ana ta canja. Amma in ka ji kanka kana jan Katsinancin babanka kada ka bari kowa ya kankare maka shi.

Tsohon Ticha

'Yata ba mu saɓa ba ai. Ma'aunina ɗaya ne, shin ma'ana ta canja ko ba ta canja ba? Hura da fura duk abu ɗaya za a dama miki. Sai dai fa in faɗi gaskiya, wanda zai karanta labarai ga mutanen jihohi goma dole ya ɗan matso tsakiya, ba don nasa ba kyau ba, don wanda ke Azare ya ji ba tare da ya tsaya lissafi ba.

Bazazzagi

ni dai nazo kallo ne, nasan yanzu za'a fara cewa mu zazzagawa bamu san mace da namiji ba a magana, motan ya lalace ai kowa yagane ko? dan agege kayi hakuri kaci gaba da kokari, kasa ko kasa duk daya ne kowa yasan shugaban da kake nufi

Gardin Alaramma

Malam Bazazzagi kai da ka rubuta kasa ko kasa, yanzu wanne ne wanne? Ga shi ka kafa mana hujja da hannunka hhh. Danna harafin k ka riƙe a wayarka, in ka sa Hausa cikin harsunan allon rubutu ƙugiyar za ta fito.

Anti Mai Labarai

Na daɗe ban yi dogon rubutu ba amma wannan ya taɓo ni, don na yi shekaru ina aikin nan kafin na bari, kuma ni ma ranar gwajina kuka na yi a banɗaki.

Ƙanena bari na faɗa maka abin da su Malam ba su faɗa ba. A cikin ciwon nan biyu, na kan ya fi na bakin haɗari. Mai sauraro zai yafe maka ƙugiya ɗaya da ta zame, zai yi dariya ya wuce, amma in ya yi minti guda bai gane inda ka dosa ba murɗa akwatinsa zai yi ya koma wata tasha. Kuma yawancin kame-kamen samarin yanzu ba rashin Hausa ba ne, da Turanci suke tunanin sannan su juyo shi a hanya, sai ka ji ana cewa a ƙarshen rana, ko wai gwamna ya biya ziyara, ziyara bashi ce da za a biya ta? Kai ziyara ake yi. Wanda ya koya min aiki in na kai masa fassara ba ya ko karantawa, kife takardar yake a tebur ya ce to faɗa min me ya faru, kamar kakarki ce ta tambaye ki. In na faɗa sai ya ce to je ki rubuta wannan ɗin da kika faɗa yanzu, wancan na takardar ki ba mai ƙosai.

Saboda haka kafin ka buɗe baki a kan tsadar taki, ka tambayi kanka abu ɗaya tak da kake so manomi ya tafi da shi. In ba za ka iya faɗarsa a numfashi ɗaya ba to ba ka shirya ba. Ka fara da shi, sannan dalili, sannan misali guda na mutum ɗaya da buhu ɗaya. Inda ka ji ka gane ai tana tahowa, yi shiru kawai, shirun daƙiƙa ɗaya a rediyo ba laifi ba ne, kai ne kake jin sa kamar shekara. Lambobi kuma ka yi hattara da su, in ka ce dubu ɗari da hamsin wani 150,000 zai ji wani 100,050, shi ya sa muke cewa dubu ɗari da dubu hamsin.

Na bakin kuma ga yadda ake yi. Ƙ ba daga huhu iskarta take zuwa ba. Riƙe numfashinka kamar za ka ɗaga buhu, to a haka ba tare da ka saki ba ka yi ƙoƙarin cewa k, wannan ɗan ƙaran da ya fashe shi ne ƙ. Ɗora yatsa a zakaran wuyanka za ka ji ya yi sama. Ts ma haka take. A ɓ da ɗ kuwa ƙasa zai yi, kamar kana haɗiye sautin, shi ya sa a aji ake ce wa na farkon tunkuɗau na biyun haɗiyau. Akwai ma r iri biyu da rubutu bai raba ba, ra-kaɗe da ra-gare, baran gidan sarki da barar almajiri ba r ɗaya ba ce, amma wannan bar shi sai ka dawo daga gwaji, kar kaya su yi maka yawa.

Kullum da safe ka ɗau labari ɗaya ka karanta kana ɗaukar muryarka a waya, ka saurara, za ka tsani muryarka sati na farko, kowa haka ya yi. Sannan ka tura wa wani tsoho ko tsohuwa a dangin babanka can Katsina, ba abokinka ba, aboki cewa zai yi ya yi kyau. Ka riƙa sauraron tsofaffin gidaje kana maimaitawa a bayansu, sashen Hausa na BBC tun 1957 suke abin nan, Rediyon Kaduna tun 1962, kuma don 'yar uwata ta Maraɗi ta ji daɗi, in kin kasa kunne za ki ji Basakkwace da Banijare da Bakano duk a shiri ɗaya, kowa da ɗan gishirin garinsu, ana jin su daga Kumasi har Sudan. Sai kuma wasan yara na karya harshe, turmi ture kura kura ture turmi, da na kwaɗo da ƙato da suka tafi ƙoto, ƙato na son ƙwace wa kwaɗo ƙoto, wannan na biyun kamar don kai aka yi shi. A hankali za ka fara, saurin daga baya yake zuwa. Da can gagara-gwari muke ce musu, har wata abokiyar aikina Bagbagyiya ta ce min Anti ni Hausata ta fi ta wasu 'yan Kano, me ya gagare ni a ciki? Tun ranar na koma cewa karya harshe.

Ɗan Agege

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Ticha Allah ya ƙara lafiya, yanzu na san sunan ciwona, kame-kame da sakin ƙugiya. Allah gafarta Malam, maganar mu ma 'yan Agege ne a wurin Balarabe ta wanke min zuciya wallahi. Yaya ta Maraɗi na ji, in na samu Katsinancin ma ai riba ce.

Anti na gwada dabarar riƙe numfashin jiya da daddare kuma ta yi, na ji zakaran wuyan ya motsa, ƙasa ta fito ƙasa sak har sau goma a jere. Matsalar sai in ta haɗu da w, ƙwace ɗin nan ya ƙi, kwace yake fitowa, kwaɗon ma ban ja wasalinsa ba, har ƙanwar babana da na tura wa muryar ta kira ni da sassafe tana tambaya wai kwaɗon rama ne ko na zogale ya tafi ƙoto da ƙato. Ta ce na riƙa turo mata kullum bayan sallar asuba ita za ta yi min gyara, amma sai na sa mata data. Shi wannan ƙw ɗin leɓe ake fara zagayewa kafin a riƙe numfashin, ko bayan an riƙe?